Ƙararrawar Baba Mai Keke

Ina cikin shanya zanin gado na ji ƙararrawar ta tsaya a rabi. Shekara da shekaru ina jin ta ta bayan katanga har na haddace tafiyarta: zai yi gajeren kaɗi, ya sake wani, ya ɗan saurara kamar mai jiran amsa, sannan ya ja dogo. Ran nan gajerun kawai aka yi. Abin da ya biyo baya ƙarar kwano ce a kan siminti, yana ta juyi har ya gaji ya kwanta.

"Baba," na ce, "yau kuma baƙin naka sun ƙwace kwanon ne?"

Ba amsa, daga mutumin da ko tari na yi sai ya tanka mini. Na kife baho na taka, na leƙa ta saman katanga.

Yana kwance a gindin gwaiba, hularsa ta yi nata wuri. Gero ya watse masa a ƙirji da hannun riga. Tsuntsayen kuwa ba su san an yi wani abu ba, sun sauko suna ta tsintar abinsu, wasu a ƙasa, wasu a jikinsa. Bakinsa ya karkace, idonsa yana kaina. Har gobe ina da yaƙinin abin da idon nan yake ce mini shi ne kada in firgita su. Na kurma ihu duk da haka. Suka tashi gaba ɗaya, maigidana ya fito ko takalmi babu, muka zagaya ta ƙofar gida muka kinkime shi zuwa tasin da maigidan yake ja.

Baba Mai Keke maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba bayan gidansa da namu. Ya yi rayuwarsa yana gyaran keke a wata rumfa a bakin titi, har babura suka cika gari, idonsa kuma ya daina ganin hujin da zai yi wa faci. Sai ya kwaso komatsansa ya dawo gida da su. Matarsa ta rasu tun kafin mu tare a unguwar. Ɗansa guda ne, mai fenti, yana can wani gari mai nisa inda ake ta gine-gine, sai dai waya da ɗan aike.

Komatsan nan su ya mayar gidan cin abincin tsuntsaye. Madigadi, wato murfin nan na saman taya, ya birkice su ya kafa a jikin katanga, suka zama wuraren zuba hatsi. Tsohuwar taya ya raba biyu, ta zama wurin ruwa. Ya rataye wili a rassan gwaiba don masu son lilo. A jikin bishiyar kuma ya kafa kan keke sukutum, da ƙararrawarsa, wata tsohuwa da muryarta ta dishe. Kullum hantsi bai yi ba zai fito, kwano a dama, ya kaɗa da babban yatsan hagu. Kafin dogon kaɗin ya mutu sama ta cika: kurciyoyi, gwara, da wasu 'yan mitsi-mitsi jajaye da ban taɓa sanin sunansu ba.

Ni kuma sana'ata wanki da guga, kuma yawancin aikina fararen zannuwan gado ne na wani ɗan masauki. To ka san in tsuntsu ya ci ya ƙoshi sai ya nemi wurin hutawa, kuma duk faɗin unguwar nan ba su ga wurin da ya dace da su ba sai igiyar shanyata. Zanin da na sha wahalarsa tun da sassafe, na wanke, na ɗauraye, na sa bula, sai in juyo in tarar an yi masa ado. Ba irin faɗan da ban yi da tsohon nan ba. Na ce zan kawo kyanwa. Na ce zan sayi danƙo. Shi kuwa sai ya leƙo da kofin shayinsa yana dariya, ya kira ni da sunan da ya laƙa mini.

"Uwar Kumfa, ki yi haƙuri. Yabon aikinki suke yi. Kin taɓa ganin sun hau zani mai datti?"

Akwai wata kurciya mai ƙafa ɗaya a naɗe, yana ce mata Gurguwa. Ita ce shugabar masu ɓarna, wai a cewarsa ƙawata ce. In na kore ta ta tashi ta dawo daidai inda ta baro, ta karkata kai tana kallona.

Wata rana da faɗan ya ishe ni na tambaye shi tsakani da Allah, me yake samu a wannan wahala, mutum da ɗan abin da ake aiko masa ya ƙare a cikin tsuntsayen da ko sannu ba su iya ba. Ya juya kofinsa a hannu. Ya ce da yana rumfa, daga safe zuwa yamma ana kiran sunansa, wannan taya ta sace, wancan kaca ta zame. Da ya dawo gida sai ya wuni ba wanda ya neme shi.

"Su kaɗai suka rage da in na kira suke zuwa," in ji shi.

Sai na ce to ya sha shayinsa mana, ga shi nan ya huce. Ya ce ai kullum a huce yake shan sa, ta yaya zai kai abu bakinsa suna kallonsa ba su ci ba. Na yi tsaki na koma kan wankina.

A asibiti likita ya ce jini ne ya hau, ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Washegari ɗan ya iso, wani ƙato mai ƙaramar murya, fenti a ƙarƙashin faratansa har da gefen kunne. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ce mini Yaya, ya yi ta godiya har na ji kunya. Amma na lura ba ya iya zama a gefen gadon uban. Zai zauna, ya miƙe, ya gyara bargon da ba abin da ya same shi, ya fita baranda ya dawo. Mutum ne da bai san yadda ake nuna so ba sai da hannu, ga shi an ajiye shi a inda hannu ba shi da aiki.

Da aka ce za a sallame su nan da 'yan kwanaki, ma'aikaciyar jinya ta ba shi shawara ya tanadi ɗaki mai tsabta kusa da ƙofa, don sauƙin ɗauka da saukewa. Wannan magana ita ta buɗe masa hanya. Ya dawo gida ya tuɓe riga. Na leƙo na gan shi tsaye a tsakiyar bayan gidan, hannu a ƙugu, yana kallon ƙarafa masu tsatsa da simintin da kashin tsuntsaye ya yi wa ɓawo.

"Yaya, ba zai dawo cikin wannan bola ba," ya ce. "Tun ina yaro nake cewa wata rana sai na gyara masa gidan nan. Na yi wa mutanen da ban sani ba gidaje kamar me, nasa ko buroshi ban taɓa sa wa ba."

Ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa da kurarsa, ya ce ya kwashe duka kyauta. Madigadi, wili, rabin taya, kan keken da ƙararrawarsa, duk aka loda. Ina ji kurar tana fita lungu, in ta faɗa rami ƙararrawar ta ɗan yi ƙara. Ya sassare rassan gwaiba don tsaninsa ya sami wurin tsayawa. Ya kankare siminti, ya shafe katanga fari fat, ɗakin gaba kuma ya yi masa shuɗi mai haske. Ni na ara masa tsintsiyar kwakwa, ni na riƙa miƙa masa ruwa ta saman katanga. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ko gidan amarya albarka.

Tsuntsayen sun ci gaba da zuwa da farko. Lokacin na yi sai su jeru a kan katanga suna leƙen wurin da babu komai, su yi ta shawagi, su tafi. Kullum suna raguwa. Gurguwa ce ta ƙarshe da ta daina. Zannuwana suka riƙa bushewa fes, har matar da ke karɓar kaya a masauki ta tambaye ni ko na sauya sabulu.

Aka dawo da Baba aka kwantar da shi a ɗakin gaba mai ƙamshin sabon fenti, tagarsa tana kallon titi. Daga nan matsala ta fara: ya ƙi cin komai. A asibiti ƙarin ruwa ne ya riƙe shi, ba wanda ya damu. A gida kuwa da an kawo cokali sai ya datse haƙora ya kau da kai. Ɗan ya gwada shayi, ya gwada romo, ya dama ayaba da madara. Ma'aikaciyar jinya da take zuwa dubiya ta ce maƙogwaronsa lafiya lau, yana iya haɗiya, shi ne dai bai so. Ta ce in aka ci gaba a haka sai an mayar da shi an sa masa roba ta hanci. Da ya ji an ambaci asibiti hawaye suka gangaro masa ta gefen ido, ɗan ya ce a ƙara ba su lokaci.

Ni ma na gwada nawa salon, wato faɗa. Na zauna a bakin gadon na ce masa ashe rowa ce da shi har ga cikinsa, na ce in ya mutu da yunwa wa zan riƙa yi wa masifa da safe. Da can da ya rama. Yanzu kallona kawai yake yi, idon nan yana neman gaya mini wani abu, ni kuwa kaina ya toshe. Kullum ƙasusuwan fuskarsa suna ƙara fitowa. Ɗan ya rame shi ma, yana yawo da kofi daga kicin zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa kicin.

Wankin shimfiɗarsa ni na ɗauka, ban jira an roƙe ni ba. Wata safiya muna sauya zanin gado, ɗan ya tallafe shi ni ina ja, sai na ga hannunsa na hagu a bakin katifa, babban yatsan yana motsi. Ɗan ya ce kullum war haka yake yi, ya tambayi ma'aikaciyar jinya ta ce wataƙila jijiya ce. Na tsaya da zani a hannu ina kallo. Yatsan ya danna gajere, ya sake dannawa, ya tsaya. Sannan ya tura a hankali har ƙarshe. Ya huta kaɗan, ya sake daga farko.

Na saki zanin na zauna a kujera.

"Ba jijiya ba ce," na ce. "Kiran su yake yi."

Ɗan bai gane ba. Rabonsa da kwana a gidan tun uban yana rumfa, in ya zo ma da rana yake zuwa ya juya. Na ja shi waje na faɗa masa duka: ƙararrawar, da kwanon, da shayin da ba a sha sai ya huce, da abin da uban ya ce mini ran nan. Ya saurare ni har na gama. Ya wuce ta tsakar gida ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya yana kallon farar katangarsa da guntulalliyar gwaiba. Sai ya zauna a kan bokitin fenti ya rufe fuska da hannayen nan nasa masu kaushi.

"Ni na ɗauka gyara nake yi, Yaya."

"Ni ma haka na ɗauka," na ce. "Tashi, kuka ba zai ba shi abinci ba."

Maigidana ya ajiye aikin ranar ya ɗauke shi a tasi, suka bi duk inda ake tara tsofaffin ƙarafa. Sun sami mai kurar, amma ya ce kayan an riga an haɗa su da wasu, babbar mota ta tafi da su. Ya bar su suka tona abin da ya rage har hannuwansu suka yi jawur da tsatsa, ba su ga komai ba. Da yamma suka dawo da sabuwar ƙararrawa daga kanti, tana ƙyalli, muryarta siririya, ko kusa ba ta kama hanyar tsohuwar ba.

Washegari muka mayar da gadon ɗakinsa na da, mai ƙofa tana kallon bayan gida. Wannan ne karo na farko da Baba ya ga abin da aka yi. Ya bi katangar da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ɗaga ido ya dubi bishiyar, ya daɗe a kan wurin da kan keken yake da, inda yanzu sai ramukan ƙusa. Sannan ya lumshe ido. Ɗan ya durƙusa a gefen gadon ya kifa goshinsa a katifa yana cewa ya yafe masa. Hannun hagun ya lalubo a hankali har ya sami kansa, ya zauna a nan, yana shafa gashin da fenti ya ɗiɗɗiga. Ni fita na yi, don ba zan iya kallo ba.

Ɗan ya zuba gero a murafen bokitan fenti ya jera a gindin katanga, ya sa ruwa a faranti. Ƙararrawar kuma ya ɗaure ta a ƙarfen gado, daidai inda hannun uban yake kaiwa. Baba ya ɗora yatsa ya tura, amma ƙarfin bai kai ba, ko ƙis ba ta yi ba. Ɗan ya karɓa ya hau kaɗawa ba ƙaƙƙautawa kamar mai tallan ƙanƙara. Na ce masa ba haka ake yi ba, zai kore har na unguwar gaba. Sai ya ɗora babban yatsansa a kan na uban, ya bar na ƙasan ya ja gaba. Gajere. Gajere. Ya zo zai ci gaba, ya ji yatsan ya tsaya cak a ƙarƙashin nasa.

"Yana jira a nan," ya ce a hankali, bai ɗago ba.

"Kullum sai ya jira," na ce.

Sannan suka ja dogon tare. Muka zuba ido sama. Ba abin da ya zo.

Haka aka yi washegari, haka aka yi rana ta uku. Ko warin fenti ne, ko rashin rassan da za su sauka, ko baƙuwar muryar ce ba su yarda da ita ba, Allah masani. Ina hango wasu can a kan wayar lantarki, sun jeru suna kallonmu kamar ba su taɓa cin arzikin gidan ba. Na zage su tas. Na ce marasa mutunci, shekara nawa mutumin nan yana shan shayi mai sanyi saboda ku. Baba kuwa in an gama kaɗawa zai kafa wa ƙofar ido har rana ta take, sannan ya juya fuska bango. Ruwa kaɗai yake yarda a ɗiga masa a leɓe. Numfashinsa ya fara yin nauyi. Ma'aikaciyar jinya ta ja ɗan gefe ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, na ga ya gyaɗa kai yana kallon ƙafafunsa.

Ran nan na koma gida raina a ɓace, na tarar da igiyata cike da zannuwa fes, ba ɗigo ko ɗaya. Ban taɓa tsanar farin zani irin ta ranar ba. Da gari ya waye na kwance igiyar, na sa maigidana ya ɗaura ta daga turkenmu ta haye katanga har jikin gwaibar Baba. Na zaɓo zanin da ya fi kowanne haske, sabo dal na masauki, na shanya shi a kai ya yi ta kaɗawa a saman bayan gidansu. Maigidana ya tambaye ni ko lafiya. Na ce in gero bai kawo su ba, ɓarna za ta kawo su, na san halin kayana.

Na zagaya na shiga. Ɗan ya ɗora yatsa a kan na uban, suka yi gajeru, suka jira, suka ja dogo. Shiru. Ina shirin miƙewa na ji fuka-fuki. Igiyar ta ɗan lotsa. Gurguwa ce, ta sauka a kan zanin, tana tangaɗi a kan ƙafarta ɗaya, ta karkata kai tana leƙen cikin ɗakin. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Ta daɗe tana shawara, sannan ta diro kan siminti, ta ɗingisa zuwa murfin bokiti ta sa baki. Ba a jima ba gwara biyu suka biyo ta, sai wasu, sai 'yan jajayen nan. Ba su kai rabin na da ba, amma bayan gidan ya cika da hayaniyarsu, suna faɗa suna ture juna.

Na juyo na dubi Baba. Ɓarin fuskarsa mai rai yana murmushi, hawaye yana bin ɗaya ɓarin. Ya bar su suka ci sosai tukuna. Sannan ya juyo da idonsa kan kofin da ke hannun ɗansa, ya buɗe baki.

Shayin ya riga ya huce. Ɗan ya ɗebo a cokali da gaggawa, rabi ya zube a wuyan riga, rabi ya shiga. Muka ga maƙogwaron ya motsa. Ya sake buɗe baki. Ya sha cokali da yawa, har da ɗan burodin da aka jiƙa. Ɗan yana dariya yana share hanci da bayan hannu, ni ina ta faɗin ka ga tsoho mai taurin kai, ka ga abin da ka ja mana. Murna muka yi ta gaske, muka ɗauka an tsallake.

Geron da ya rage bai fi tafin hannu ba. Ɗan ya ce ba zai yarda gobe su zo su tarar da wayam ba, bari ya je kasuwa ya sayo mai yawa, ya biya wurin masu gyaran keke ko za a sami tsofaffin madigadi. Ya durƙusa ya faɗa wa uban haka a kunne, ya ce yanzun nan zai dawo. Ya bar ni da shi.

Na jawo kujera na zauna ina ninke kayan shimfiɗa, ina ba shi labarin yadda Gurguwa ta riga ta sa wa sabon zanin mutane hannu, na ce shi zai je ya yi wa masu masauki bayani. Idonsa yana kan ƙofa, inda 'yan tsirarun da suka rage suke tsintar abin da ya watse. Can na ga ya lumshe ido, na ce barcin ƙoshi ne, na rage murya. Na gama ninki na ɗago. Hannunsa ya zame daga kan ƙararrawar yana reto a gefen gado. Na kira shi. Na sake kira, na taɓa ƙirjinsa, na kara kunnena a hancinsa. Na rufe masa ido, na gyara masa hannun, na zauna. Kukan ma bai zo ba a lokacin.

Ina nan zaune na ji an turo ƙofar gida. Tun daga tsakar gida yake magana, muryarsa a sake, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, wai ya samo har da wili guda. Ya shigo da buhun gero a kafaɗa, madigadi biyu a hammata, gumi yana zuba. Ya dube ni. Ya dubi gadon. Bai sauke buhun ba, ya tsaya da shi a kafaɗa, sai da na tashi na kama masa muka ajiye.

"Amma ya ci, Yaya," ya ce. "Kin gani da idonki, ya ci."

"Ya ci," na ce. Daga nan ne kukan ya ƙwace mini.

A ranar aka kai shi. Mutane sun zo fiye da yadda na zata, har da dattawan da suka ce shi ya ɗaura musu kekensu na farko. Kowa ya shigo sai ya yaba kyan gidan, ya ce ɗan kirki ya gyara wa ubansa wuri kafin ya tafi. Ɗan yana sunkuye yana amsa gaisuwa, duk wanda ya yabi fentin sai in ga kafaɗarsa ta ƙara sauka.

Da kwanakin zaman gaisuwa suka wuce dole ya koma bakin aikinsa. Ana gobe zai tafi ya yi sallama a ƙofarmu da buhun a kafaɗa, da madigadin, da ƙararrawar a aljihu. Ya tsaya yana kame-kame, wai ya san sana'ata, ya san irin wahalar da suka ba ni, in ba zai yiwu ba ba komai. Na ce ya daina ɓata mini lokaci ya nemo guduma. Ya kafa madigadin a ɓangarenmu na katangar, ya ɗaure ƙararrawar a turken igiyar shanya, daidai tsayin hannuna. Da safe ya sa wa gidansu kwaɗo, maigidana ya kai shi tasha.

Na dawo bayan gida. Ta saman katanga ina hango ƙofar ɗakin Baba a rufe, gwaibar ta fara fitar da 'yan ganye a inda aka sare. Na gama shanya, na goge hannuna a zani, na zuba gero. Na ɗora yatsa na yi gajere, na sake, na saurara. Can ƙarshen igiya Gurguwa ta riga ta sauka a kan farin zani tana jira. Shayina yana kan kifaffen baho, tururinsa yana raguwa.